Wayar Inna Tabawa

Ku matso nan, ku sa wayoyin nan naku a aljihu tukuna. Tun da na zauna nake jin gardamarku, wannan ya ce layinsa ya fi gudu, wancan ya ce tasa wayar ta fi ɗaukar hoto. To, ga wata shari'a ku yanke mini. Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan mota tsakanin garinmu, Gangaren Tsamiya, da birni. Abin da zan faɗa muku, wani a gabana ya faru, wani kuma masu abin ne suka gaya mini da bakinsu, kansu a sunkuye.

Akwai wata tsohuwa a garinmu, Inna Tabawa, ungozoma. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya uku, ta rene su da sana'ar daddawa har kowa ya kama gabansa. Babban, Lawwali, yana da shagon sayar da wayoyi a Kano. Na biyu, Ɗahiru, yana cikin masu hawa dogayen ƙarafunan nan na sabis suna ɗaura musu na'urori, yau yana wannan jiha gobe yana waccan. Autarsu, Balaraba, nas ce a wani asibiti a Zariya. Shekara huɗu babu wanda ya taka garin a cikinsu. Sai dai kira. In sun kira, ta ce, "Lafiya lau nake, Allah Ya yi muku albarka." Su kuma su ajiye waya hankali kwance.

Wata rana 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da kyauro, ta faɗa bahon wanki ta mutu. Kwana tara ba wanda ya lura a cikin 'ya'yan. Kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ji muryarta. Sai da maƙwabciyarta, Gwaggo Lantana, ta ba ni saƙo na kai wa Lawwali har shago. Nan suka kira juna su uku, suka yi shawarar a saya mata babbar waya, irin wadda ake ganin mutum, domin su riƙa ganinta kullum. Ku lura, duk tsawon shawarar nan babu wanda ya ce, bari in je in gan ta.

To, Lawwali shi ne ya san waya. Da farko wata tsohuwar waya ya ciro daga ƙasan kanta, wadda wani ya yi musaya da ita, fuskarta a tsage, batirinta ba ya kai azahar. Ya ce a ransa, tsohuwa ce a ƙauye, me ta sani? Yana cikin goge ta sai wata mata mai sayar da awara a bakin kasuwa ta shigo, zanenta duk tabon mai. Ta ce waya take so ta saya wa mahaifiyarta. Ya nuna mata masu sauƙi. Ta ce, "A'a, Alhaji, mai kyau nake so. Idonta ya yi rauni, kunnenta ma haka. Ka zaɓa mini kamar wadda za ka zaɓa wa taka uwar." Ta hango wadda ke hannunsa, ta ce, "Ba dai irin wannan ba." Lawwali ya ce mini sai da ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da matar ta tafi, ya rufe rabin ƙofar shago, ya jera wayoyi bakwai a kan kanta. Akwai masu 5G, waɗanda samari ke rububi, ya ture su gefe, don ya san ba su da abin kamawa a bayan dutse kuma suna shan caji. Ya nemi mai 4G wadda in sabis ya yi ƙasa za ta koma 3G ba tare da ta yanke ba. Ya duba mai babban batir, da ke kwana biyu ba a caja ba, mai cin layi biyu, mai ƙarar da kurma ma zai ji. Ya ɗauki hoton tafin hannunsa da kowace a cikin duhun shago, ya zaɓi wadda ta fi fito da zanen hannun. Ya ƙara girman rubutu, ya sa hoton kowane ɗa a fuskar wayar yadda taɓawa ɗaya za ta kira shi. Wallahi ya yi zaɓi. Amma da ya gama, ni ya miƙa wa ita a tasha. Na ce, "Ba za ka shigo mu je ba? Gidan gaba babu kowa." Ya ce kasuwa ta buɗe.

Waya ta iso, sai ta zama madubi, babu sabis. Garinmu kun san shi, a kwari yake, dutse gabas dutse yamma. Kiran murya ma sai ka hau juji. Nan aikin Ɗahiru ya zo. Ya taho da layuka huɗu, na kowane kamfani ɗaya. Da ya sauka daga motata ya rasa hanya, don an yi sababbin gine-gine a inda ya sani fili. Ya tsaya bakin rijiya ya tambayi wata dattijuwa gidan Tabawa ungozoma. Ta ajiye guga ta dube shi sama da ƙasa. Gwaggo Lantana ce. Ta ce, "Ɗahiru, kai ne kake tambayar gidan da aka binne cibiyarka?" Kuma shi ya san sau nawa motar aikinsu ta wuce mararrabar garin nan bai ce a tsaya ba.

Amma aiki kam ya yi shi. Ya zagaya gidan da layi ɗaya bayan ɗaya. Na farko, wanda ake yabo a birni, ko ɗigo bai nuna ba. Na biyu yana kiran murya amma ba ya ɗaukar hoto. Na uku yana zuwa da safe ya ɓace da hantsi. Na huɗu, wanda mutane suka raina, shi ne yake leƙowa ta wata tsaga tsakanin duwatsun gabas, amma sai an yi sama. Ya sa aka saro masa doguwar gora, ya kafa ta a bayan rumbu, ya ɗaura wata 'yar na'ura a ƙolinta mai kamo sabis ta watsa shi cikin gida. Ya haɗa mata farantin sola da batir, ya lulluɓe komai don ruwan sama. Yini guda yana hawa yana sauka, har sabis ya cika a tsakar gida, ya shiga har ɗaki. Uwarsa kuwa tun safe ta yanka masa zakara. Tana biye da shi tana dafa bango, tana cewa kanta na sara mata kwana biyu. Ya ce, "Sannu, Inna, rana ce," idonsa na kan waya. Da na yi hon na komawa, ya ɗauki jakarsa. Kwanon zakaran yana nan a rufe yadda ta ajiye shi.

Saura koyarwa. Tsohuwar da ba ta taɓa shafa gilashi ya amsa mata ba, tsoron wayar take yi, ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a cikin kwalla. Balaraba ce ta zauna mata. Sati uku tana kira ta wayar maƙwabta, tana cewa, "Inna, ki taɓa koren, ba jan ba. Ki ɗaga ta daidai fuskarki, rufin ɗaki nake gani." Ita ke sa mata data duk wata, ita ta gano tsarin da ba ya ƙarewa a tsakiyar magana. Har Inna ta iya, ta kuma ji daɗin abin, ta shiga kira ba dare ba rana.

Wata rana kiran ya shigo Balaraba tana zaune da abokan aikinta. Ta ɗauka, sai ga fuskar tsohuwa, ɗankwali a karkace, bayanta bangon ƙasa da ya zube rabi. Wata ta leƙo ta ce, "Wace ce wannan?" Balaraba ta kife wayar a cinya ta ce, "Wata tsohuwa ce a garinmu." Ba ta kashe kiran ba. Daga nan Inna ta rage kira. Ran wata Talata ta kira sau uku, Balaraba tana gidan biki, ta ce sai anjima.

Washegari da safe abin ya dame ta, ta kira. Inna ta ɗauka daga kan tabarma a cikin ɗaki. Ta ce lafiya lau, kamar kullum. Da murya ce kaɗai, da an wuce wurin. Amma hoton ya fito tas, Balaraba ta ga gefen bakin uwarta ya saki, ido ɗaya ya faɗa. Ta ce, "Inna, yi mini murmushi." Rabin fuska ya motsa. "Ɗaga hannunki na dama." Hannu ya ƙi. Nan take ta gane shanyewar ɓarin jiki ce ta soma. Ta ce kada ta motsa, ta kira Gwaggo Lantana, ta ce a kwantar da ita ta gefe, kada a ba ta ruwa ko jiƙo, kada a tsaya neman mai tofi tukuna. Ta kira ni ina lodi, na sauke fasinjoji. Balaraba tana kan waya tun daga ƙofar gida har muka fita kwari, ta kuma kira babban asibiti ta gaya musu abin da ke tafe da lokacin da ya soma. Muna isa muka tarar ana jiranmu da gado.

Kafin la'asar su uku sun iso. Hanyar da ta gagare su shekara huɗu, a yini ɗaya suka yi ta. Likitar, wata mace mai tabarau, ta fito ta ce an zo a kan lokaci, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Sannan ta buɗe takarda ta ce, "Tun yaushe take da hawan jini? Wane magani take sha? Me take ci? Wa ke kwana da ita?" Lawwali ya dubi Ɗahiru, Ɗahiru ya dubi takalminsa. Balaraba, wadda ke auna jinin mutum hamsin a yini, ba ta taɓa ɗaura wa uwarta abin awo ba. Gwaggo Lantana ce ta amsa duka, har da faɗuwar da Inna ta yi a bayan gida da damina, wadda ta hana a gaya musu. Likita ta dube su ta ce, "To ku su wane ne nata?" Lawwali ya ce, "'Ya'yanta ne."

Kwana goma sha ɗaya bakinta ya dawo. Sun shirya jin faɗa, har suna fatan a yi musu. Ba ta yi ba. Sai ta riƙa nuna su ga matan da ke kwance a ɗakin, da harshenta mai nauyi, tana cewa, "Kun ga 'ya'yana. Wannan babban shi ya zaɓo mini waya. Wannan ya jawo mini sabis har ɗaka. Wannan kuwa daga Zariya ta hango ciwona. Wa ya kai ni dace?" Matan suna ta sa albarka. Ɗahiru ya fita baranda, na same shi ya haɗa kai da bango, ƙato da shi, yana kuka.

Ranar sallama likita ta ce ba za ta sake zama ita kaɗai ba, sai a hannun ɗaya daga cikinsu, kuma ba a yawo da ita gida-gida. Nan fa suka durƙusa a gaban gado, kowa na roƙo. Lawwali ya ce shi ne babba, ya riga ya sa an gyara ɗaki. Ɗahiru ya ce zai bar hawan ƙarfe ya nemi aikin zama wuri ɗaya. Balaraba ba ta iya dogon bayani ba, ta riƙe ƙafar uwarta ta ce, "Inna, na san kin ji abin da na faɗa ran nan." Tsohuwa ta ce, "Na ji." Ta juyo gare ni ta ce, "Direba, ni ba zan iya zaɓa a cikin abin da na haifa ba. Ka kai maganar gaban mutane."

To, ga ni na kawo. Kada ku sa ni a ciki, ni tuƙi kawai na yi. Kada ku ce Gwaggo Lantana, ita ma tsohuwa ce, riƙe ta ake yi. Da Lawwali ya aika da mai tsagaggiyar fuska, da ba a ga bakin da ya karkace ba, amma sai da baƙuwa ta tuna masa yana da uwa. Da Ɗahiru bai kafa gorar nan ba, da kira bai shiga ɗaki ba, amma shi aka gaya wa ciwon kai baki da baki bai ɗaga kai ba. Balaraba kuwa ita ta gane cutar ta tashi gari, ita ce kuma ta yi musun uwarta a gaban mutane.

Kowannensu yana so a ba shi ita ya wanke fuskarsa, tsohuwa kuma ɗaya ce. Ku gaya mini, a hannun wa za a sa Inna Tabawa?