Ƙayar da Aka Bari a Tayar Malam Abdulhadi

"Baba, ai ka taɓa ta, na ga ka janye yatsa. Me ya sa ba ka ciro ta ba?"

Tahira ce, 'yar shekara biyar, take tambayar mahaifinta mai faci yana shafa cikin taya, ga mai keke a tsaye a kansu. Uban ya yi dariya, ya ce ta ruga gida Innarta na kira. Mai keken kuwa kunnensa na kan rediyo, bai ji komai ba.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye da ke tsakiyar gonaki a ƙasar Tsanyawa. Sunansa ba zai fito a nan ba, domin yana da 'ya'ya. Mai faci ne. Rumfarsa tana gindin darbejiya, daidai inda hanyar gona ta haɗu da hanyar kasuwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: famfo, bahon ruwa, sholisho na liƙa faci, almakashi da guntayen roba. Ya iya aiki, wannan kowa ya shaida. Yana sallah a sahu, ba ya zagi, ba a taɓa jin ya ɗauki abin wani ba.

Duk wanda ya taɓa zama wurin mai faci ya san aikin kashi biyu ne. Na farko, a zaro tiyub, a ba shi iska, a tsoma a ruwa, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Na biyu, a sa yatsu cikin taya, a bi ta a hankali har a zagayo, a nemo abin da ya yi hujin. Na farkon mai keke yana kallo. Na biyun kuwa daga yatsan mai faci sai Allah.

To, a nan mutumin nan ya sami ƙofa. In ya shafa ya ji doguwar ƙaya ko ƙusa, sai ya zare ta ya nuna wa mai keke, a yi ta mamaki. Amma in ɗan tsinin aduwa ne da ya karye a cikin roba, wanda bai fi ƙwayar gero ba, sai ya wuce shi. Irin wannan ba ya huda nan take. Sai an ɗora buhu, an yi tafiyar kwana biyu ko uku, sannan ya leƙo ya ci facin. Mai keke ya sake turowa, ya ce hanyar nan ta lalace da ƙaya. Shi kuma ya ce, "Wallahi kuwa."

Yakan gaya wa zuciyarsa cewa ai bai yi ƙarya ba. Shi ya dasa aduwa? Shi ya sa ƙayar? Faci aka ce ya yi, ya kuma yi. Da haka ya shekara da shekaru, abin ya zama masa jiki, har ya san tayar wa da wa ke ɗauke da ajiyarsa, da kuma inda take.

Cikin masu zuwa akwai Malam Abdulhadi, dattijo, wanda gonarsa ke iyaka da tasa. Da kekensa yake kai taki, da shi yake kwaso harawa. Sau huɗu ya turo keken nan a damina ɗaya, tayar baya kullum. Zuwa na huɗu ya ce, "Anya ba tayar ce ta tsufa ba?" Mai faci ya ce da sauranta, Malam. Ya liƙa, ya ba da iska, ya miƙa masa.

Washegari ranar kasuwa ce, lokacin cirar gyaɗa. Mutumin nan ya ce bari ya leƙa gona da hantsi ya juya gyaɗar da ya tara, kafin masu dawowa daga kasuwa su fara neman faci. Ya sa ƙafa gefen tarin, sai kububuwa ta sare shi a idon sawu.

Malam Abdulhadi ne ya ji ihun. Ya zo da gudu, ya kwance robar da yake ɗaure kaya da ita, ya ɗaure ƙafar tamau a ƙasan gwiwa, yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Ya kira masu babur biyu a waya. Ɗaya bai ɗauka ba, ɗaya yana can cikin kasuwa. Ya ce, "Hau kariyar bayan keke, mu isa bakin titi, ba ma rasa mota."

Mai faci ya dubi keken, ya dubi tayar baya. Ya hau.

Nauyin mutum biyu ya fi na buhun taki. Ba su wuce gonaki goma ba tayar ta sace, wili ya fara nutsewa a yashi. Malam ya sauka, ya ciro famfon da ke ɗaure a jikin keken, ya ba da iska. Suka yi ɗan gaba, ta sake sacewa.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Jiya-jiyan nan fa ka liƙa ta."

Mai faci ya san abin da ya kamata a yi: a fitar da tiyub, a zare ƙayar, a ɗaure wurin hujin da zare, zai kai su titi. Ya san inda take kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa. Amma in ya faɗa, me Malam zai gane? Sai ya zauna a kan kunyar gona, ƙafa na kumbura, yana kallon dattijo yana fama da famfo. Sau uku Malam ya ba da iska, sau uku tana zubewa. Ya gwada goya shi, ƙarfinsa bai kai ba. Ya gwada tura shi a kan keken, yashi ya hana. Rana ta take tsaka, ta fara karkata.

Sai da mai facin ya tofa yawu ya ga jini, sannan ya buɗe baki.

"Malam, kwantar da keken. Daga bawul, inda ake ba da iska, yatsu huɗu ta wajen gaba. Akwai ƙaya."

Malam ya ɓanɓare tayar da bakin lauje, ya sa yatsa daidai inda aka ce, ya janye da sauri. Ya zaro tiyub ɗin. Faci huɗu ne a wuri ɗaya, wani kan wani. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tun yaushe ka san tana nan?"

"Tun shuka."

Malam ya tura ƙayar waje da tsinin lauje, ya warware zare daga bakin wani buhu da ke ɗaure a keken, ya ɗaure wurin yadda aka nuna masa, ya ba da iska, ya ce, "Hau." Ya kai shi titi, ya tare mota, ya zauna da shi a asibiti har 'yan uwansa suka iso.

An yi masa allurar dafi, ya rayu. Amma ƙafar ta daɗe a ɗaure, ga dafi, naman ya mutu. Likita ya ce ɗaurin nan ba ya hana dafi, ɓarna yake ƙarawa, kuma da an iso da wuri da an kwance tun ƙafar na da rai. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Malam Abdulhadi bai gaya wa kowa abin da ya gani ba. Amma wata uku rumfa tana rufe, mutane suka riƙa kai kekunansu gari na gaba. Mai facin can ya buɗe taya ya ga faci a cunkushe wuri guda, ga tsini a ƙasa. Ya buɗe ta biyu, haka. Ta biyar, haka. Ya tambaya, "Wai ku wa ke muku faci a garinku?"

Faci aikin zaune ne, ba ya bukatar ƙafa biyu. Da mutumin ya warke ya koma gindin darbejiya, ya zuba ruwa a baho, ya jera kayansa. Mutane suna tsayawa su yi masa sannu, su tambayi jiki, wani ma ya ajiye masa rogo ko damin dawa. Sannan su ci gaba da tura kekensu a sace, su wuce shi, tafiyar awa guda a ƙasa. Ruwan bahon nan yakan yini ba a tsoma komai a ciki ba.

Ya 'yan uwa, ba mu ce maciji don zunubi yake sara ba. Yana saran malami, yana saran jariri. Abin da muka sani shi ne, a ranar da mutumin nan ya bukaci keke mai lafiya, shi da hannunsa ya riga ya lalata shi. Kuma da ya sami damar gyarawa da magana ɗaya, sai ya tsaya kare sunansa, har ya rasa sunan da ƙafar gaba ɗaya.

Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ɗauke abin cutarwa daga hanyar mutane ibada ce. To ina ga wanda aka ba amana, ya ji cutar da yatsansa, ya mayar ya rufe? Mai niƙa da ya ga tsakuwa ya zuba, mai ɗinki da ya ga yadi ya ɓare ya naɗe ta ciki, mai abincin sayarwa da ta ji miya ta juya ta ƙara yaji, duk aikinsu ɗaya. Mu iyaye mata mu muke aika 'ya'yanmu wurin waɗannan mutane, mu kuma muke renon waɗanda za su gaje su.

Allah ya tsare mu da ha'incin da ido ba ya gani, ya tsare mana zuri'a, amin.

Kai kuma mai karatu, in akwai abin da ka sani ka rufe a cikin aikin wani, je ka buɗe ka cire yau. Ba ka san ranar da za a ce maka hau ba.