Ƙadangare Mai Gadin Kabewa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Ladingo, ba ta da komai sai kabewar da ta shuka a bayan ɗaki. Da ita take miya, ita take ajiyewa ta kai ta rani. To, sai fara da tsutsa suka sa ganyen a gaba.

Ƙadangare na kan katanga, yunwa na cinsa. Ya sauko ya ce, "Gwaggo, barka da hantsi. Ba ni gadin kabewar nan mana. Don Allah zan yi."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Don Allah fa! Ya ci fara, ya ci tsutsa. Da suka ƙare, ya ce ai ƙwaro ƙwaro ne. Ya laɓe a gindin fure. Ƙudan zuma ya shiga ya fito, caraf! Wani ya shiga ya fito, caraf! Har bayan ɗaki ya yi tsit.

Ganye ya yi kore shar, fure na ta buɗewa, amma kowane ɗan kabewa sai ya yanƙwane ya faɗi. Gwaggo ta tsince su a bakin zane, ta yi kuka. Sannan ta cafke wuyan mai gadi.

"Kai kaɗai ke shiga nan. Me ka yi wa abincina? Faɗi, ko in miƙa ka ga kyanwa."

Ƙadangare ya shiga neman mafita. Sai ya tuna abin da ya gani lokacin da yake laɓe. Furen kabewa iri biyu ne, wani da ɗan ƙullutu a gindinsa, wani babu. Ƙudan zuma kan shiga maras ƙullutu ya fito buɗu-buɗu da rawayan gari, sannan ya faɗa mai ƙullutun. Ashe saƙo suke kaiwa, shi kuwa ya haɗiye su.

Ya ce, "Gwaggo, kabewarki ɗan aike ta rasa. Ba ni kwana bakwai."

Ta ce, "Ina 'yan aiken suka tafi?"

Ya ce, "Sun yi nisa, Gwaggo."

Gari na wayewa ya cusa kai cikin wannan fure, ya zaro, ya cusa cikin wancan. Ya cusa, ya zaro. Ya cusa, ya zaro. Kafin rana ta take furen ya rufe, gobe sababbi su buɗe. Wuya ya ƙage, kai ya rine, har yau bai wanku ba. Ran na bakwai 'ya'yan kabewa uku suka kama, Gwaggo ta kori kyanwa. Amma uku ba sa kai tsohuwa rani, shi ma ya sani, kuma abin ya dame shi.

Wata safiya yana kwance a gajiye, ko karyawa bai yi ba, sai ga ƙudan zuma guda ɗaya daga wani gari. Ya sauka a kan fure, dab da bakin Ƙadangare. Yawu ya tsinke masa. Ya dubi ƙudan, ya dubi furanni arba'in da ke jiransa. Ya rufe bakinsa gam, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

Ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Kana da 'yan'uwa?"

Ƙurunƙus, kan ƙadangare! In za ku cinye maƙwabci, ku fara tambaya wane aiki yake yi, don ku za ku gaje shi.