Yudelka da Yunwar Ƙarfe Biyu

Akwai wata mai ɗinki a garin Samaná, sunanta Yudelka. Tagar shagonta tana kallon teku. Sau da yawa ƙafarta kan tsaya a kan keken ɗinki, ta yi tagumi, tana hango kanta siririya cikin farar riga, tana tafiya a bakin ruwa ko sawu ba ta bari a yashi.

Ranar da likita ya ce sukari ya fara taɓa mata ido, ta dawo gida jiki a sanyaye. Ciwon nan ne ya makantar da mahaifiyarta, ita kuma da ido take cin abinci.

Sai ta ɗaura yaƙi da cikinta. Da safe ruwan lemun tsami, da rana ɗan ganye. Takan daure har ƙarfe biyu, lokacin da zafi ke kwantar da gari, ƙofofi a rufe, karnuka na barci a gindin kwakwa. A lokacin abin ke zuwa mata.

Ba ta sanin sanda take miƙewa. Sai dai ta farga tana tsaye a kicin, tukunyar shinkafa da wake wayam, soyayyar agade ta ƙare, hannunta dumu-dumu da alewar kwakwa. Ko ɗanɗano ba ta ji, kamar wata ce ta ci a mafarki. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta rantse gobe ba za ta sa komai a baki ba. Gobe kuma a maimaita.

Mijinta Amaury ɗan acaɓa ne. Yana son ta, sai dai bai san yadda zai yi ba. Ya sayo kwaɗo ya garƙame firji.

"Don ke na yi, uwargida," in ji shi.

Kwana uku kacal, ta ɓalle kwaɗon da almakashin yankan yadi. Da ya dawo ya gani, ya riƙe baki.

"Haba Yudelka! Sai ka ce ɓarauniya a gidanki?"

Ta fita, ƙafa ta kai ta bakin teku, ta shiga ruwa da rigarta har gwiwa tana hawaye.

Can gaba kaɗan wata tsohuwa na kwance a kan ruwa, farin gashinta ya bazu kamar auduga. Doña Casilda ce, tsohuwar ungozomar garin.

"Ke, 'yata! Ruwan bai ishe ki da gishiri ba, sai kin ƙara na idonki? Zo ki kwanta."

"Mama, ni da nauyin nan? Ai nutsewa zan yi."

"Ni na karɓe ki ranar da kika zo duniya, yau ma zan riƙe ki. Kwanta. Teku ba ya tambayar kilo."

Ta sa mata tafin hannu a baya. Yudelka ta saki jiki, ruwa ya rufe mata kunne, hayaniyar duniya ta ɗauke. Gajimare na wucewa a hankali. Sai daga baya ta lura tsohuwar ta daɗe da janye hannu.

A nan, tana kallon sama, ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Doña Casilda ba ta yi mamaki ba.

"Gobe ki zo da sassafe. Amma fa ba na shiga ruwa da mai yunwa."

Washegari ta je gidan tsohuwar, ta tarar da faranti: ƙwai, fiya da dafaffiyar agade.

"Mama, ragewa fa nake son yi!"

"Ci, mai taurin kai. Ke kike gayyato yunwar ƙarfe biyu. Kin hana ciki haƙƙinsa da safe, dole ya zo da rana ya ƙwata. Kuma ki koma wurin likitan nan ki gaya masa gaskiya duka, ba rabi ba."

Ta koma, ta faɗa, aka tsara mata yadda za ta riƙa ci. Kwana ashirin lafiya ƙalau. Rana ta ashirin da ɗaya abin ya sake kayar da ita. Kunya ta hana ta fita, ta rufe shago har kwana biyu. A na uku sai ga Doña Casilda tana ƙwanƙwasa ƙofa.

"Buɗe, na san kina ciki. An faɗi, to sai me? Kawo cokali, abinci na hucewa."

Haka suka yi ta yi. Wata shida bai mai da Yudelka siririya ba, kaɗan ta ragu. Amma sukari ya kwanta, kuma har yanzu da kanta take zura zare a allura.

Wata rana da ƙarfe biyu ta ji abin yana tasowa. Ta ɗauki waya.

"Amaury, ya zo."

Sai ta ji yana ba fasinja haƙuri.

Ba a jima ba ya shigo, gumi sharkaf. Bai yi mata faɗa ba, bai ba ta shawara ba. Ya jawo kujera kusa da keken ɗinki, ya riƙe hannunta.

"Minti nawa yake yi kafin ya wuce?"

"Wani lokaci ashirin."

"To mu jira shi tare."

Darasi: Wanda ke fama da cin da ya fi ƙarfinsa ba gori yake bukata ba, ba kuma horo da yunwa ba. Yana bukatar haƙuri, taimakon likita, da mutumin da zai zauna kusa da shi ranar da ya faɗi. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai mai kuka a ɓoye.