Sahun Aljanu Dubu Goma da Ɗaya

A zamanin da aljanu ke gina birane a bayan teku, Sarkinsu Darmanu ya sace Gimbiya Durratu, ya kafa sharaɗin fansarta: a faɗa masa ko rundunarsa, aljanu dubu goma da ɗaya, za ta jeru sahu-sahu daidai wa daida babu ragowa. Wanda ya kuskure amsa, nan take ya zama dutse.

Ranar da Yarima Shamwilu zai fita daga fadar mahaifinsa domin ceto Gimbiya, Waziri Lu'ayyu, malaminsa na hisabi tun yana tatata, ya rungume shi yana hawaye, ya danƙa masa takarda. "Ɗana, wannan adadi maraya ne, babu mai raba shi sai ɗaya da shi kansa. Ka ce ba ya rabuwa."

Shamwilu ya keta hamadar da yashinta ke narkar da kofato, ya ratsa birnin matsafa masu kiwon guguwa, har ya isa fadar Darmanu mai ginshiƙan yaƙutu da zubarjadi. Farfajiyar cike take da jarumai sandararru. Can a tsakiyarsu ya ga wansa Ukashatu, wanda ya ɓace bara, ya zama dutse, a hannunsa takarda. Ya duba. Rubutun Waziri ne, kalma bisa kalma irin tasa!

Wayyo, duniya ta juya masa. Ashe mutumin da ya riƙe hannunsa ya koya masa ƙirga shi ke turo 'ya'yan sarki ɗaya bayan ɗaya, domin gadon mulki ya zama nasa.

"Ya kai bil'adama," in ji Darmanu yana dariya, "kai ma takardar ka kawo? Akwai sauran fili kusa da ɗan'uwanka."

"Ya Sarkin Aljanu, takarda na kawo, amma ba ita zan karanta maka ba. Ba ni lokaci zuwa faɗuwar rana."

Ya durƙusa yana zane a ƙasa da tsinin takobi, hawaye na ɗiga kan lissafin, domin da dabarar maci amanar yake aiki: a gwada marayun adadi kaɗai, kada a wuce ɗari. Da biyu, saura ɗaya. Da uku, saura biyu. Da bakwai, saura biyar. Rana ta yi ja yana kan saba'in da ɗaya, ragowa ta ƙi ƙarewa. Da ya gwada na gaba, sai ya miƙe ya daka tsawa:

"Sahu saba'in da uku, kowane sahu ɗari da talatin da bakwai!"

Aljanu suka jeru, ko ɗaya bai yi saura ba. Duwatsu suka tsage, jarumai suka yi atishawa, Durratu ta fito kamar hudowar wata.

Aka ɗaura auren Shamwilu da Durratu, da yardar mahaifinsu Ukashatu da kansa ya naɗa wa ƙanensa rawanin sarauta. Da aka kawo Waziri cikin sarƙa, Sarki Shamwilu ya ajiye takardun biyu a gabansa.

"Malam, ka san amsar?"

"Tun kafin a haife ka, ranka ya daɗe."

Sarki ya kawar da kai. "Ku kwance shi, ku fitar da shi daga ƙasata. Ba zan iya kashe wanda ya koya mini ƙirga ba, ba kuma zan iya kallonsa ba."