Muryar Baba Tana Ciki, Makulli Yana Waje

Babu abin da ya kai tsaro muhimmanci a duniyar intanet. Masu sayar da tsaro ne suka tabbatar mana da haka.

Akwai wani injiniyan manhaja da abokan aikinsa suke kira Makulli. Kamfaninsu ya yi wata manhaja ta ajiye hotuna da muryoyi, shi kuma aka ba shi ginin ƙofa, wato hanyar da wayar mutum za ta bi ta gaisa da na'urar kamfani, a tantance shi, sannan a buɗe masa kayansa.

A gaskiya ya iya aiki. Ko jama'a sun yi cincirindo a ƙofar nan lokaci guda, kayan wani ba ya faɗawa hannun wani. Ya tsara ta yadda sai an tura lamba zuwa layin wayarka, ka shigar, sannan ta buɗe. Lambar nan ko shi ba ya ganinta. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba kuwa, sai na'ura ta goge shi.

A teburin da ke kallon nasa akwai mai gwajin manhaja, wadda suke kira Idan-fa, don duk maganarta da haka take farawa.

"Idan fa wayar mutum ta ɓata?"

"Ya je ya sabunta layinsa."

"Idan fa ya rasu? Mu bar wata hanya mana, mutum ya sa sunan magajinsa tun yana raye."

Makulli ya juya kujerarsa. "Malama, ƙofa biyu ɓarawo biyu. Ni masu rai nake wa aiki."

Aka yi dariya a ofis. Ita ma ta yi, kaɗan.

A cikin masu amfani da manhajar babu wanda ya kai mahaifin Makulli zumuɗi. Tsoho ne mai ƙarancin magana, amma tun da ɗansa ya sa masa ita, kullum da hantsi sai ya zauna a baranda ya kafa wa waya hira: labarin ƙuruciyarsa, tsokanar jikoki, har da ƙorafin shayin da aka cika wa ruwa. Mama tana jiyo shi daga kicin, tana cewa, "Mutumin da nake roƙo ya ce uffan, ga shi yana zuba wa ƙarfe."

Baba ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa. A cikin hidimar zaman makoki wayarsa ta yi ƙafa.

Mama ba ta tambaya ba sai da gida ya yi shiru.

"Auta, muryar babanku tana cikin abin nan naka, ko?"

"Tana nan lafiya lau, Mama. Babu mai iya taɓa ta."

"To, ka kawo mini in ji."

Ya ce sai ya ɗan samu sarari. Sararin ya ɗauki watanni. Ranar da ya je ofishin kamfanin waya don sabunta layin Baba, aka ce masa layin ya daɗe a kashe, an sayar wa wani.

Yayarsa ta ce, "Ba kai ka gina ba? Ka zagaya ta baya."

Ya ce babu baya. Karon farko ke nan da ya faɗi haka ba da alfahari ba.

Dabara ɗaya ta rage. Ya zauna a falon Mama, ya sa aka tura lamba zuwa tsohon layin Baba, ya kira. Wani mutum ya ɗauka, ana jin bugun guduma a bayansa, da alama bakanike ne.

"Ranka ya daɗe, wata lamba ta shigo wayarka yanzu. Don Allah ka karanta mini."

"Ta shigo. Kai wane ne?"

"Layin mahaifina ne, ya rasu. Ni ne ma na gina manhajar."

"Allah ya jiƙansa. Tsaya in karanta maka abin da ke ƙasan lambar. 'Kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ma'aikacinmu ne.' Oga, ka makara, sun riga sun ba ni labarinka."

"Wallahi ni na rubuta wannan gargaɗin da hannuna!"

"To ka rubuta da kyau. Ka nemi sana'a, ɗan'uwa, da sauran ƙarfinka."

Ya kashe, ya toshe lambar Makulli. Yaya ta kira, ya toshe ta. Mama da kanta ta kira tana hawaye, ya saurara har ta gama, ya ce, "Kai, har da tsohuwa kuka ɗauka aiki?"

Washegari Makulli ya tsaya a gaban teburin Idan-fa. Ta riga ta ji. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, wanda hakan ya fi zafi. Ta jawo masa kujera, suka zauna suka gina hanyar magaji. Aiki ya yi kyau, sai dai mai asusu ne kaɗai zai iya sa sunan magajinsa, Baba kuwa ba ya kusa.

Shekara ta cika, na'ura ta yi abin da aka umarce ta, ta goge asusun Baba.

Mama ba ta yi masa faɗa ba. Takan dai ce, in ya kawo ziyara, "Auta, ɗan yi tari in ji. Tarinka da na babanku iri ɗaya ne." Sai ya yi.

Darasi: In kana gina abin da mutane za su ajiye rayuwarsu a ciki, ka tuna suna mantuwa, suna yar da waya, suna mutuwa. Ka saurari mai ce maka "idan fa", kuma abin da uwa ta roƙa kada ka jira sarari. Ku tura wa duk mai gina irin wannan ƙofa. Makulli dai kamfani ya ba shi kyautar gwarzon ma'aikaci a bana, saboda ba a taɓa samun wanda ya shiga asusun da ba nasa ba.