Atishawar Sarki da Bangon Jatau

An ce wani sarki ya gina sabon soro a ƙofar fadarsa, ya so a yi wa bangon zanen da ido bai taɓa ganin irinsa ba. Sai ya sa aka kira Jatau, sarkin maginansa, wanda yatsunsa suka ƙawata rabin zaurukan garin. Sarkin nan yana son gwaninta ƙwarai, sai dai irin son manomin da ke tono iri kowace safiya don ya ga ko ya tsiro.

Da hantsi ya yi sai a shimfiɗa masa darduma a gaban bangon, fadawa su kewaye shi, a zuba wa Jatau ido. Ya kwaɓa laka, ya shafe bango, ya ɗaga yatsa zai ja layi, sai maroƙa su ɗauka: "Ga shi nan tafe! Zanen da ya fi na jiya, ya gagari na gobe!" Nan take yatsan ya sandare. Haka zai tsaya har lakar ta bushe, a kankare, gobe a sake. Ran nan ma don gajiya ya goge hannunsa a bango, Waziri ya yi zumbur ya ce bai taɓa ganin hikima irin wannan ba. Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da abin ya ishi sarki, sai ya ce wa Jatau, "Na ciyar da kai, na tufatar da kai, na bar shari'a ina zuwa taya ka zama. In Salla ta zo bangon nan yana nan fayau, ka tattara iyalinka ka bar mini gari."

Jatau ya tafi wurin wani tsohon masani, Malam Ilu, ya ce, "Malam, ko dai an yi mini sammu ne? Da ko barci nake zane na zuwa mini. Yanzu kaina wayam, ga 'ya'ya, ban san inda zan nufa da su ba."

Malam Ilu ya tambaye shi yadda yake aikin, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauki sandarsa suka nufi fada.

Ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, ciwon maginin nan yana da magani, amma maganin yana jikinka."

Sarki ya ce, "Faɗi, ko mene ne."

Malam Ilu ya ce, "Atishawa guda. Sai dai a gaban bangon za ka yi ta, jama'a na kallo, kuma kada a kare ka."

To, al'adar fadar nan, in sarki zai yi atishawa dogarai kan ruga su baza manyan rigunansu su rufe shi, don kada talaka ya ga fuskar sarki a yamutse. Sarki ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ba komai ba ne. Ni da ko ƙanshin daddawa na ji sai na yi uku a jere."

Aka tara jama'a, sarki ya hau darduma, dogarai suka naɗe hannuwa. Ya ja numfashi, ya buɗe baki, sai maroƙa suka ɗauka: "Ga ta nan tafe! Atishawar da ta fi ta sarakunan da!" Atishawa ta leƙo, ta ga taro, ta koma. Sarki ya murza hanci, ya dubi rana, ya sake buɗe baki har hawaye suka zubo. Shiru kake ji. Can ya yi wani ɗan guntun tari, Waziri ya yi zumbur ya ce, "Tubarkalla! Kunnena bai taɓa jin irinta ba!"

Sarki ya harare shi ya ce, "Tari ne, Waziri. Zauna."

Aka kai azahar, gumi ya jiƙa rawani. Sai Malam Ilu ya ce, "Ya sarki, hancin nan ka shafa masa turare, ka kare shi daga rana, ga shi ya ƙi aiki. Ni dai shawarata a ba shi wa'adi. In Salla ta zo bai yi ba, ya tattara ya bar gari."

Wani dogari ya cusa bakin riga a baki don kada dariya ta kuɓuce masa. Sarki ya dubi tsohon, ya ce, "Yaya zan yi ta, alhali kowa ya zuba mini ido, ana yabonta tun ba ta zo ba?"

Malam Ilu ya ce, "Ka tambayi Jatau, ya fi ka daɗewa a wannan hali. Ya sarki, kai fuskarka in za ta yamutse rufe ka ake yi. Shi ma zane da yamutsattsiyar fuska yake fara zuwa. Sai an ja layi ya karkace, an goge, an sake, kafin mai kyau ya fito. Wa zai yarda ya yi mummuna a gaban sarki?"

Kunya ta kama sarki. Ya sa aka kewaye bangon da zana, ya ce dogaransa duka su tsare wurin, ko shi kansa ya zo leƙe su mai da shi. Ya kuma janye wa'adin.

A bayan zanar nan Jatau ya ɓata laka ba kaɗan ba. Ya zana wani abu mai kama da kaza ta faɗa rijiya, ya yi ta dariya shi kaɗai, ya kankare. Ana nan sai masu wucewa suka fara jin yana waƙa.

Ranar da aka yaye zana, jama'a suka ga zanen dagi ya sarƙe da dagi tun daga ƙasa har sama, ba wanda ya iya cewa uffan, har maroƙa. Ƙurar zanar kuwa ta shiga hancin sarki, ya saki atishawar da ta karkatar da rawaninsa. Dogarai na can riƙe da zana, ba mai rufe shi, gari duka ya gani.

Sarki ya gyara rawani, ya yi dariya, ya ce, "Yau na san adalci: rigar da kake so a baza a rufe ka, ka baza ta ga wanda ke ƙarƙashinka."