Farfesa, Yaron da Ba a Taɓa Ce wa Ya Yi Kuskure Ba

Akwai wani yaro, ɗan wani tela, da mutanen unguwarsu suka laƙaba wa suna Farfesa. Tun kafin a sa shi makaranta ya iya karatu. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yayarsa ce take bitar darasinta a tsakar gida, shi kuma yana gefe yana wasa da ƙyallayen da mahaifinsu ya yar. Wata rana ta tsaya tana ta kokawa da wata kalma, sai ya leƙo ya karanta mata.

Daga ranar shagon tela ya zama wurin kallo. Duk wanda ya kawo ɗinki, sai tela ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Ba shi lissafi, ko wane iri." Kafin mutum ya gama danna waya, yaro ya faɗi amsa. A yi ta tafi, tela yana washe baki.

A makaranta aka riƙa tsallakar da shi aji. Ya tsinci kansa cikin yaran da suka girme shi nesa ba kusa ba. Ba sa wasa da shi, sai ranar jarrabawa kowa ya matso kusa. Idan aka fita tara, shi kaɗai yake zama a aji.

Yayarsa ce ta fara lura da wani abu. Farfesa ba ya iya jure a gyara masa. Wata rana ƙaramin ƙaninsu ya ce masa ya sa riga a baibai, gaskiya kuma ya faɗa. Farfesa ya murɗe masa hannu har sai da aka kai shi wurin mai ɗori.

Yayar ta ce, "Baba, yaron nan yana buƙatar faɗa. Zuciyarsa ta yi yawa."

Tela bai ko ɗago daga kan keke ba. "Ke dai kishi ke damunki. Masu ƙwaƙwalwa haka suke. Kar wanda ya ɓata masa rai, shi zai fitar da gidan nan kunya."

Mahaifiyarsu ma ta ce a bar shi, zai daina in ya girma.

Haka ya taso. An koya masa cewa darajarsa tana cikin amsa daidai. Ba wanda ya koya masa abin da mutum yake yi ranar da ya faɗi.

Da ya shiga kwalejin koyon fasaha, aka haɗa shi aiki da wani ɗalibi mai yawan barkwanci da ake kira Gajere. Gajere ba ya cikin na gaba a aji, amma shi kaɗai yake jan Farfesa da hira, ya raba abincinsa biyu ya tura masa rabi. Farfesa bai ɗauki wannan a bakin komai ba. A ganinsa, duk mai matsowa kusa amsa yake nema.

Aka ba su aikin haɗa injin jawo ruwa mai amfani da hasken rana, wanda za a kai gasa. Ana gab da gwaji, Gajere ya ja shi gefe.

"Farfesa, wayar nan ta yi siriri. Ba za ta ɗauki wutar ba."

"Kai za ka koya mini? Riƙe mini sifana kawai, aikinka ke nan."

Da rana tsaka malami ya tara ɗalibai a ɗakin aiki, aka kunna inji. Ya yi gurnani kaɗan, sai hayaƙi ya tashi, ɗakin ya cika da warin ƙonanniyar roba. Aji ya kwashe da dariya. Farfesa bai taɓa jin an yi masa dariya a kan aikinsa ba. Ya tsaya ƙiƙam.

Kowa ya watse, ya rage su biyu. Gajere ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"Haba, kwantar da hankalinka. Yau dai ka zama mutum kamar mu."

Sifanar tana kan tebur. Farfesa ya ɗauka ya juya. Bugu ɗaya ne, a gefen kai.

Shi da kansa ya fita da gudu yana kiran malami. Shi ya tallafi kan Gajere a mota har asibiti, yana ta cewa, "Tashi mana, don Allah tashi." Gajere bai tashi ba.

Kotu ta duba ƙuruciyarsa, amma rai rai ne, aka yanke masa ɗauri mai tsawo. Tela ya rufe shago, ya daina fita sai dole. Yayarsa ce kaɗai ba ta fasa zuwa ganinsa ba.

Wata rana ta zo da wata dattijuwa. Mahaifiyar Gajere ce. Farfesa ya kasa haɗa ido da ita.

Dattijuwar ta ce, "Ban zo zaginka ba, ɗana. So nake in ga yaron da nawa yake ta ba ni labari. Kullum ya dawo gida, zancenka ne. Abokina ya yi kaza, abokina ya fi malamai. Ranar ma da abin ya faru, sai da ya saya maka sabuwar wayar wuta mai kauri ya sa a aljihu. Ya ce in taka ta ƙone, ku canza tare, kada ka ji kunya ranar gasa."

Farfesa ya ce, "Umma, abokina ya ce?"

Ta gyaɗa kai. Ya kifa fuskarsa a kan tebur ya fashe da kuka, har mai gadi ya zo ya ce lokaci ya yi.

Darasi: Kaifin ƙwaƙwalwa baiwa ce, amma ba ya maye gurbin tarbiyya. Iyaye, ku yaba wa ɗanku in ya yi daidai, ku kuma tsawata masa in ya yi laifi, ko da shi ne na ɗaya a aji. Ku koya masa karɓar gyara da haɗiye fushi tun yana ƙarami. Mai gyara maka ba maƙiyinka ba ne. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani wannan labari, wataƙila akwai irin wannan yaro a hannunsu.